Darasi Na 14: Kewaye Da Yadda Ake Auna Shi

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:
(a) bayyana ma'anar kewaye da Hausa;
(b) faɗin sunayen siffofi da na ma'aunai;
(c) lissafa kewayen fili mai kusurwoyi da kewayen da'ira;
(d) amfani da kalmar kewaya da danginta a cikin jimloli.

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru ko Barikin Ladi zai lura da abubuwa biyu. Na farko, gidaje da gonaki a ƙauyukan Berom waɗanda aka yi wa shinge da wani tsiro mai ƙaya, don kada dabbobi su shiga. Na biyu, manyan kududdufai cike da ruwa. Waɗannan kududdufai ba Allah ne ya halicce su haka ba. Ramuka ne da kamfanonin haƙar kuza suka bari, domin tun farkon ƙarni na 20 aka yi ta haƙar kuza a wannan tudu. Da aka daina aiki, sai ruwan sama ya cika su.

A yau manoman rani suna jan ruwa daga cikinsu su shayar da tumatir da kabeji da karas, waɗanda ake kaiwa kasuwanni irin su Farin Gada. Amma kududdufan suna da zurfi, gaɓarsu kuma a tsaye take, saboda haka yara da dabbobi sukan faɗa ciki. Mai son ya tsare lambunsa, ko ya kare yara daga ruwa, dole ya fara amsa tambaya guda: mene ne tsawon abin da zai zagaye wurin nan duka? Amsar wannan tambaya ita ce kewaye. Magini da tela da mai sayar da hula duk suna amsa ta kullum a cikin sana'arsu.

1. Mene Ne Kewaye?

Ku tsaya a kusurwar filin makarantarku, ku bi gefensa da ƙafa, kada ku ratsa ta tsakiya, har ku dawo inda kuka tashi. Tsawon tafiyar da kuka yi shi ne kewayen filin. Wato kewaye shi ne tsawon iyakar abu gaba ɗaya.

Garuruwan Hausa na dā ma suna da kewaye da ake gani da ido, wato ganuwa. An fara gina ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, fiye da shekara 800 da suka wuce. Idan kuka ziyarci Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, za ku tarar da wurin adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya kusa da shi, inda aka gina kwatankwacin wani sashe na wannan ganuwa. Ganuwa ba ta da amfani sai ta haɗe. Haka ma shinge. Bahaushe ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

2. Da Me Ake Awo?

A dā, Bahaushe yana awo da jikinsa. Kamu shi ne tsawo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Gaba ita ce tsawo daga ƙarshen hannun dama zuwa ƙarshen na hagu idan mutum ya ware hannuwansa, kuma da ita masu haƙar rijiya suke auna zurfi. Taki shi ne nisan ƙafa da ƙafa a wajen tafiya. Matsalar irin wannan awo ita ce kamun dogo ya fi na gajere. Saboda haka yanzu ana amfani da tef da rula, da ma'aunai waɗanda ba sa canzawa:

santimita 100 = mita 1
mita 1,000 = kilomita 1
inci 12 = ƙafa 1
ƙafa 3 = yadi 1

Ku lura, a Hausa sunan ma'auni ne yake fara zuwa, sannan adadi ya biyo baya. Ana cewa mita goma, ƙafa hamsin, inci bakwai. Kuskure ne a ce "goma mita".

Ga kuma yadda ake karanta alamomin lissafi:

8 + 5 = 13: takwas a tara da biyar, sha uku ke nan.
20 − 2 = 18: ashirin a ɗebe biyu, saura sha takwas.
6 × 4 = 24: shida sau huɗu, ashirin da huɗu ke nan.
21 ÷ 7 = 3: ashirin da ɗaya a raba gida bakwai, uku ke nan.
3.5: uku da ɗigo biyar, ko uku da rabi.

3. Siffofi Masu Miƙaƙƙun Gyaffa

Idan gyaffan abu a miƙe suke, ƙa'ida ɗaya ce kawai: ku auna kowane gefe, ku tara su duka.

Alwatika siffa ce mai gefe uku da kusurwa uku. A ce wani lambu yana tsakanin hanyoyi biyu da rafi, gyaffansa mita 15 da mita 20 da mita 25.
Kewaye = 15 + 20 + 25 = mita 60.

Murabba'i siffa ce mai gefe huɗu, duka tsawonsu ɗaya, kusurwoyinta kuma daidai suke. Tun da gyaffan ɗaya ne, sai a ninka gefe guda sau huɗu. Garken awaki mai gefe mita 12:
Kewaye = 12 × 4 = mita 48.

Mustaɗili siffa ce mai gefe huɗu kamar ƙofa ko allon aji. Tana da tsawo da faɗi, kuma gyaffan da suke fuskantar juna daidai suke. Sai a tara tsawo da faɗi, a ninka sau biyu. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu ƙafa 100 ne a tsawo, ƙafa 50 a faɗi:
Kewaye = (100 + 50) × 2 = ƙafa 300.

Masu zuwa kallon ƙwallo a filin wasa na Rwang Pam da ke Jos suna iya gwada wannan. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a manyan wasannin ƙwallon ƙafa shi ne tsawo mita 105, faɗi mita 68. Ɗan wasan da ya zagaya irin wannan fili sau ɗaya ya yi gudun (105 + 68) × 2, wato mita 346.

Yawancin gonaki ba su da siffa mai suna, musamman a ƙasa mai duwatsu irin ta Filato, inda iyaka take bin dutse da kwari. Wannan ba ya canza ƙa'ida. Gona mai gefe biyar, mita 18 da 25 da 12 da 30 da 21, kewayenta mita 106 ne.

Sanin kewaye shi ne matakin farko. Bayansa sai a duba aikin da za a yi. A ce manomi yana da lambu mai tsawo mita 30 da faɗi mita 20. Kewayensa mita 100 ne. Zai bar ƙofa mai faɗin mita 2, saura mita 98. Idan zai ja waya mai ƙaya layi uku, yana bukatar 98 × 3, wato mita 294.

4. Kewayen Da'ira

Da'ira siffa ce zagayayya, kamar faifai ko bakin tukunya ko tayar keke. Ba ta da gefe miƙaƙƙe, ba ta da kusurwa. To, me za a tara?

Bari mu dubi yadda magini yake shata ɗakin gargajiya zagayayye, irin wanda ake gani a ƙauyukan Filato da na ƙasar Hausa. Yakan kafa turke a ƙasa, ya ɗaura masa igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin igiyar. Sai ya ja igiyar ta miƙe, ya zagaya turken yana zana ƙasa da tsinken. Daga wannan aiki za mu sami kalmomi uku:

Cibiya ita ce tsakiyar da'ira, inda turke yake.
Rediyos shi ne nisa daga cibiya zuwa bakin da'ira, wato tsawon igiyar.
Dayamita ita ce faɗin da'ira, daga baki zuwa baki ta kan cibiya. Ta ninka rediyos sau biyu.

Yanzu ku yi wannan gwaji a aji. Ku samo faranti da gwangwanin madara da murfin bokiti. Ku naɗa zare a bakin kowanne sau ɗaya, ku yanke, ku miƙar da zaren. Sannan ku ɗora zaren a kan faɗin abin, ku ga sau nawa zai rufe shi. Za ku tarar ya rufe shi sau uku, kuma ɗan guntu ya rage. Ko abin babba ne ko ƙarami, amsar ba ta canzawa: sau uku da ɗoriya.

Wannan adadi yana da alama ta musamman, π, harafi ne na Girkanci da ake kira fai. Ƙimarsa ta kusan 3.14. Ana kuma rubuta shi 22/7, wato ashirin da biyu bisa bakwai, ko uku da subu'i. Ga ƙa'idar:

Kewayen da'ira = dayamita × 22/7

A ce magini yana son ɗaki mai faɗin mita 3.5. Tsawon bangon da zai zagaye ɗakin shi ne 3.5 × 22/7. Ku fara rabawa: 3.5 ÷ 7 = 0.5. Sannan 0.5 × 22 = mita 11.

Idan rediyos aka ba ku, ku fara ninka shi sau biyu. Da'irar da ke tsakiyar filin ƙwallo tana da rediyos mita 9.15. Dayamitarta mita 18.3 ke nan, kewayenta kuma kimanin mita 57.5.

Ana iya juya ƙa'idar. Idan kun san kewaye, ku ninka shi sau 7, ku raba gida 22, za ku sami dayamita. Mai sayar da hula yakan naɗa tef a kan mai saye. Idan ya ce lamba 22, yana nufin kewayen kan inci 22 ne. Bakin hular da aka buɗe sosai zai yi faɗin inci 7, domin 22 × 7 ÷ 22 = 7. Haka ma mai sayen katako yake iya sanin kaurin bishiya tun ba a sare ta ba. Idan kewayen gindinta santimita 132 ne, kaurinta santimita 42 ke nan.

5. Me Ya Sa Uku Bai Isa Ba?

Mutane da yawa sukan ninka faɗi sau uku su tsaya. Don ku ga inda kuskuren yake, ku zana da'ira, sannan ku zana siffa mai gefe shida daidai wa daida a cikinta, kusurwoyinta suna taɓa bakin da'irar. Ku auna gefe ɗaya, za ku ga tsawonsa daidai yake da rediyos. Gefe shida rediyos shida ke nan, wato dayamita uku. Ashe wanda ya ninka sau uku, kewayen wannan siffa ta ciki ya auna. Ita kuwa da'ira tana lanƙwasa ta bayan kowane gefe, kuma lanƙwasasshiyar hanya ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Ɗoriyar nan daga lanƙwasar ta fito.

Da irin wannan dabara wani masani na Girka mai suna Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, ya yi bincikensa. Ya yi ta ƙara yawan gyaffa har ya kai siffa mai gefe 96, ɗaya a cikin da'ira, ɗaya a wajenta. Ya nuna cewa fai ya fi 223/71, amma bai kai 22/7 ba. A ƙarni na 5, masanin ƙasar Sin Zu Chongzhi ya kawo 355/113, wanda ya fi kusa da gaskiya. A 1424, Jamshid al-Kashi, wanda ya yi aiki a birnin Samarƙand, ya lissafa adadin har wuri 16 bayan ɗigo. Alamar π kuwa, William Jones ɗan Birtaniya ne ya fara amfani da ita a wannan ma'ana a 1706. Lambobin fai ba su da ƙarshe: 3.14159, haka suke ci gaba. Amma a aikin gona da gini da ɗinki, 22/7 ya wadatar.

6. Tattaunawa: A Shagon Kayan Gini

Ku karanta wannan hira bibbiyu, ɗaya ya zama dattijo, ɗaya ya zama yaron shago.

Yaro: Sannu da zuwa, Baba. Ina kwana?
Dattijo: Lafiya lau, ɗana. Yaya kasuwa?
Yaro: Da godiya. Me za a kawo?
Dattijo: Waya nake so. Akwai wani kududdufi kusa da unguwarmu, mun haɗa kuɗi za mu yi masa shinge saboda yara.
Yaro: Allah ya saka da alheri. Mita nawa za a yanka?
Dattijo: Kududdufin zagayayye ne, faɗinsa mita 70. Na ninka sau uku, ya ba ni 210.
Yaro: Ka yi haƙuri, Baba, ina ganin ba za ta isa ba. Saba'in a raba gida bakwai, goma ke nan. Goma sau ashirin da biyu, 220.
Dattijo: Ashe da mun bar kafa ta mita goma!
Yaro: Haka ne, Baba. To, a bakin ruwan za ku kafa sandunan?
Dattijo: A'a, ƙasar wurin tana zabtarewa da damina. Za mu ja baya da mita uku da rabi.
Yaro: In haka ne, faɗin ya ƙaru da mita bakwai, uku da rabi ta nan, uku da rabi ta can. Ya zama mita 77. Kewayen shingen mita 242 ke nan.
Dattijo: Layi uku za mu ja.
Yaro: Kuna bukatar mita 726. Idan kuma za ku kafa sanda a kowace mita biyu, sanda 121 za ku nema.
Dattijo: Madalla, ɗana. Allah ya yi maka albarka.
Yaro: Amin, Baba. Na gode.

Ku lura da abubuwa biyu a wannan hira. Ta fuskar lissafi, ja da baya na mita uku da rabi kaɗai ya ƙara wa shingen mita 22. Ta fuskar harshe kuma, yaron bai ce wa dattijo "ka yi kuskure" ba. Ya fara da "ka yi haƙuri", sannan ya ce "ina ganin". Haka ake gyara wa babba magana cikin ladabi.

Yawancin kududdufan haƙar kuza ba zagayayyu ba ne sosai, bakinsu yana shiga yana fita. A irin wannan hali ana iya auna layin da shinge zai bi da tayar keke. Taya mai dayamita santimita 70 tana cin santimita 220, wato mita 2.2, a kowane juyi. Sai a yi wa tayar alama da alli, a tura keken, ana ƙirga juyi. Idan ta juya sau 110, an yi tafiyar mita 242. Wannan aiki na manya ne, kuma nesa da gaɓa ake yin sa.

7. Siffa Mai Haɗe-haɗe

Wani abin yakan haɗa miƙaƙƙen gefe da lanƙwasasshe. Hanyar tsere ta filin wasanni misali ce: tana da miƙaƙƙun sassa biyu da rabin da'ira biyu. Rabi biyu da'ira guda ke nan. A ma'aunin duniya, kowane miƙaƙƙen sashe mita 84.39 ne, biyun sun zama mita 168.78. Da'irar da mai gudu a layin farko yake bi tana da rediyos mita 36.8, kewayenta kimanin mita 231.22. Idan aka tara, sai a sami mita 400.

Wanda yake layi na biyu yana bin da'irar da ta fi girma, saboda haka zagayensa ya fi na layin farko da mita bakwai da ɗoriya. Wannan ne dalilin da ya sa a tseren mita 400 ba a jera 'yan wasa kafaɗa da kafaɗa. Kowa yana farawa gaba da na cikinsa, don tafiyar kowa ta zama ɗaya.

8. Kewaye Daban, Girman Fili Daban

Kada ku ɗauka cewa filaye biyu masu kewaye ɗaya girmansu ɗaya ne. Kewaye yana auna iyaka. Girman fili yana auna abin da ke ciki, kuma da murabba'in mita ake faɗinsa. A ce kuna da waya mita 40:

tsawo 15, faɗi 5: kewaye mita 40, fili murabba'in mita 75
tsawo 12, faɗi 8: kewaye mita 40, fili murabba'in mita 96
tsawo 10, faɗi 10: kewaye mita 40, fili murabba'in mita 100
da'ira: kewaye mita 40, fili kimanin murabba'in mita 127

A cikin dukan siffofi masu kewaye ɗaya, da'ira ce ta fi ɗaukar fili. Wannan yana daga cikin fa'idojin zagayayyen ɗaki da rumbu: bango kaɗan, ciki mai yalwa. Mai sayen fili kuma ya kiyaye, kada ya yarda da zagayawa da ƙafa kaɗai. Ya nemi a faɗa masa tsawo da faɗi.

9. Nahawu

(a) Kalmar kewaya da danginta

kewaya: Mun kewaya filin sau biyu.
kewaye (aikatau): Manomi ya kewaye lambunsa da waya.
kewayo: Ku kewayo ta bayan aji ku same ni.
kewaye da: Garin Jos yana kewaye da duwatsu.
kewaye (suna): Kewayen ɗakin mita 11 ne.
kewayayye, kewayayya, kewayayyu: kewayayyen gida, kewayayyar gona, kewayayyun filaye.

Rubutun kewaye iri ɗaya ne a wurare uku, amma karin sautinsa ya bambanta. Ku saurari malaminku da kyau, ku maimaita. Kalmar zagaya ma tana bin wannan tsari: zagaya, zagaye, zagayo, zagayayye.

Akwai wasu ma'anoni biyu da ya kamata ku sani. Idan an ce "Jos da kewaye", ana nufin garin da ƙauyukan da ke kusa da shi. Idan kuma baƙo ya ce, "Ina so in kewaya," yana neman banɗaki ne cikin sakaya magana. Shi ya sa ake kiran banɗaki makewayi.

(b) Sunaye da sifofin awo

tsawo: dogo, doguwa, dogaye
faɗi: faffaɗa, faɗaɗa
zurfi: zuzzurfa, zurfafa
kauri: kakkaura, kaurara

Ana iya cewa "igiya mai tsawo" ko "doguwar igiya", "rami mai zurfi" ko "zuzzurfan rami".

(c) Kwatanci

fi: Kewayen da'ira ya fi dayamitarta tsawo.
kai: Wayar ba ta kai mita 220 ba.
daidai da: Yadi ɗaya daidai yake da ƙafa uku.

10. Sababbin Kalmomi

da'ira (jam'i: da'irori): zagayayyar siffa
kusurwa (kusurwoyi): inda gyaffa biyu suka haɗu
gefe (gyaffa): ɓangare ɗaya na iyakar abu
shinge (shingaye): abin da aka kafa don tsare wuri
kududdufi (kududdufai): babban rami da ruwa ya taru a ciki
gaɓa: bakin ruwa
kuza: wani ƙarfe da ake haƙowa daga ƙasa
turke (turaka): itacen da ake kafawa a ɗaura igiya
kafa: ɗan wurin da ya rage a buɗe
ɗoriya: ɗan ƙari a kan adadi
subu'i: kashi ɗaya cikin bakwai
zabtare: rushewar ƙasa daga gefe

11. Tambayoyi

A. Ku amsa da cikakkun jimloli.
1. Ta yaya kududdufan da ke kewayen Jos suka samu?
2. Wace matsala ce ke tattare da awo da kamu?
3. Yaya magini yake shata zagayayyen ɗaki?
4. Me ya sa ninka dayamita sau uku bai isa ba?
5. Mene ne bambancin kewaye da girman fili?
6. Ku bayyana karin maganar da ke sashe na 1, ku danganta ta da hirar sashe na 6.

B. Ku lissafa, sannan ku rubuta amsar da kalmomi.
1. Gonar dankalin Turawa tana da tsawo mita 45 da faɗi mita 28. Nawa ne kewayenta?
2. Kewayen wani murabba'i mita 64 ne. Nawa ne tsawon gefe ɗaya?
3. Rijiya tana da dayamita mita 1.4. Nawa ne kewayen bakinta?
4. Rediyos na wani rumbu mita 2.1 ne. Nawa ne kewayensa?
5. Tela zai yi wa zagayayyen mayafin tebur kalmasa. Faɗinsa santimita 140 ne. Kalmasar santimita nawa ce?
6. Taya mai dayamita santimita 70 ta juya sau 500. Mita nawa ta yi?

C. Ku cike gurbi da kewaya, kewaye, kewayo ko kewayayye.
1. An ______ makarantarmu da katanga.
2. Ɗalibai sun ______ filin wasa sau uku.
3. Gidan kakana ______ ne.
4. Ka ______ ta nan, ƙofar can a rufe take.

D. Ku gyara waɗannan jimloli.
1. Tsawon aji tara mita ne.
2. Da'irar nan babba ne.
3. Mun sayi dogon igiya.

Aikin Gida

Ku auna abubuwa uku zagayayyu a gidanku da zare da rula. Ku rubuta dayamita da kewayen kowanne, ku raba kewayen da dayamitar, ku kawo amsoshin aji a kwatanta. Bayan haka ku rubuta wasiƙa mai jimla goma zuwa ga mai unguwarku, ku ambaci wata rijiya ko wani rami da ke bukatar shinge, ku faɗi kewayensa da yawan kayan da za a saya. Kada kowa ya je bakin ruwa shi kaɗai don yin awo. Ku nemi babba ya raka ku.